Tsibiri ba shi da hanyar hijira: muhawara kan littattafan mulkin mallaka

Hadiza: Assalamu alaikum jama'a. Daren jiya na kammala Wide Sargasso Sea na Jean Rhys, wanda ya fito a 1966, kuma har yanzu labarin bai sake ni ba. Ga wanda bai karanta ba, labarin wata yarinya ne, Antoinette, 'yar Turawan da aka haifa a Jamaika, ubanta mai bayi ne. An buɗe labarin jim kaɗan bayan dokar 'yanta bayi ta 1833. Gonarsu ta mutu, Turawan Ingila suna raina su, waɗanda suka yi musu bauta kuma suna kiransu fararen kyankyasai. Daga baya aka aurar da ita ga wani da ya zo daga Ingila, ya karɓe fam dubu talatin na dukiyarta, ya daina kiranta da sunanta ya laƙaba mata Bertha, ƙarshe ya kai ta ƙasarsu ya kulle a ɗakin sama. Ita ce mahaukaciyar nan ta cikin Jane Eyre, wani tsohon littafin Ingilishi, wadda a can ba a ba ta bakin magana ba.

Abin da ya sa na kawo maganar shi ne, bana na karanta littattafai huɗu da aka gina kan tsibirai, kuma duka na ji wani irin ƙunci a cikinsu da ban saba ji a namu labaran ba. Mu nan, da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, talakawa suka bar gonakinsu suka bi shi. An kashe shi a Burmi, amma wasu sun wuce, ga jikokinsu can Mai Wurno a Sudan har gobe. Wato ko a ranar da ta fi kowace baƙi, akwai hanya a ƙarƙashin ƙafar mutum. To wanda ke tsibiri fa? Gabas ruwa, yamma ruwa, jirgin kuma na wanda ya mallake ka ne. Ina ganin wannan ne ya sa littattafan suka cika da hauka, da kulle, da mutanen da ke cin junansu. Me kuka gani?

Musa: Wa alaikumus salam Malama. Na karanta shi, kuma gaskiya ban ji tausayin da kika ji ba. 'Yar mai bayi ce fa. Ingila ta ware fam miliyan 20 ta biya masu bayi diyya, bayin ba su samu ko anini ba, aka ma tilasta musu ci gaba da aiki da sunan koyon sana'a har 1838. A cikin wannan duka, marubuciyar ta zaɓi ta sa mu kuka saboda farar mace. Christophine, baƙar matar da ta raine ta, ta fi kowa hankali a littafin, amma a gefe aka ajiye ta.

Hadiza: Malam Musa, ban ce ka yafe wa ubanta ba. Amma ka tuna wurin da aka ƙona gidansu, ta ruga wajen ƙawarta Tia tana zaton za ta zauna da su, Tia ta jefe ta da dutse, ita jini a fuska, waccan hawaye. Yara biyu da suka yi wanka a kogi ɗaya. Wa ya sa dutsen a hannun Tia? Wannan ce tambayar littafin a wurina. Rhys kanta a Dominika aka haife ta, ta san abin da take faɗa.

Musa: Na yarda wurin nan ya taɓa ni. Amma batun babu wurin gudu, a nan ma ina da ja. A Jamaikar nan bayi sun gudu cikin duwatsu, suka kafa garuruwansu, suka yi ta yaƙi har Ingila ta sa hannu kan sulhu da su a 1739. A Morishiyas ma akwai dutsen Le Morne da gudaddun bayi suka fake a kai. A Haiti kuwa ba gudu suka yi ba, korar Faransa suka yi, suka kafa ƙasa a 1804.

Hadiza: Ka karanta sharuɗɗan sulhun na 1739? An bar su da 'yancinsu bisa sharaɗin duk bawan da ya gudo wurinsu daga baya su kama shi su mayar. Ka ga ƙuncin da nake nufi. Dutsen ma cikin tsibirin yake.

Malam Garba: Salamu alaikum. Na daɗe ban sa baki a nan ba saboda ido, jikata ce ke karanta mini. Amma wannan magana ta tashe ni zaune.

Hadiza 'yata, kin yi gaskiya kan ruwa, sai dai ni abin da ya fi kama ni a irin waɗannan littattafai ba nisan su da mu ba ne, kusancinsu ne. Akwai wani tsohon littafi, Max Havelaar, na 1860. Wanda ya rubuta shi Baturen Holan ne, Eduard Douwes Dekker, ya sa wa kansa Multatuli. Ya yi aikin mulki a Lebak cikin tsibirin Jawa, mutanen nan da alhazai ke haɗuwa da su a Makka. Tun 1830 Holan ta ɗora wa manoman Jawa wani tsari: kowane ƙauye zai ware kashi ɗaya cikin biyar na gonakinsa ya noma wa gwamnati abin da take so ta sayar a Turai, kofi da rake da baba na rini. A takarda ke nan. A ƙasa abin ya wuce haka, har shinkafar ci ta gagara a wasu yankuna aka yi yunwa.

To wa ke tara amfanin? Ba Bature ke bi gida gida ba. Sarakunan gargajiyar Jawa ne, waɗanda Holan ta bar musu lema da fadawa da girma, ta kuma ba su kaso cikin abin da yankinsu ya noma. Dekker ya kai ƙarar sarkin Lebak cewa yana ƙwace dabbobin talakawa yana sa su aikin da ba biya, manyansa suka ƙi saurara, ya ajiye aiki ya koma ya rubuta littafi. A ciki akwai labarin wani yaro Saijah, wanda hakimi ya ƙwace wa ubansa ɓaunar gida da suke huɗa da ita. Uban ya sayar da wuƙar gado ya sayi wata, aka sake ƙwacewa. Wanda ya san abin da san huɗa yake ga manomi ba sai an yi masa bayani ba.

Da jikata ta kai wurin nan na ce ta dakata. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin Hitila, abin da suke kira ɗiban gwamna. Bai taɓa ganin Baturen da ya ba da umarnin ba. Dagaci ne ya zo da dogari, da sunaye a takarda. Har ya rasu, in ya tuna sanyin Jos ba Bature yake ambata ba, dagacin yake ambata. Lugga bai ƙirƙiro mulki ta hannun sarakuna ba, Holan ta riga shi daɗewa tana yi a Jawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma littattafan da suka fi ƙarfi su ne masu nuna tsagar, ba ƙadangaren kaɗai ba.

Musa: Allah ya jiƙan Baba. Amma Malam, ai shi Dekker ɗin ba cewa ya yi Holan ta tattara ta tafi ba. So yake a yi mulkin mallaka mai adalci. Sarkin Holan ma ya kai wa kuka a ƙarshen littafin.

Malam Garba: Haka ne ɗana, kuma jarumin littafin shi ne kansa, Bature mai ceton talaka. Wannan aibi ne babba. Amma waɗanda suka zo suka kori Holan daga baya sun karanta shi, sun ɗauki abin da zai amfane su.

Zainab: Ina wuni iyayena da yayyena. Ni ƙarama ce a nan amma batun sauya suna da Anti Hadiza ta kawo ya tuna mini Robinson Crusoe, da muka karanta gajeren bugunsa muna yara. A lokacin labarin jarumta na ɗauke shi. Da na karanta cikakken na 1719 sai na ga ashe lokacin da jirginsa ya nutse, hanyar Afirka yake daga Barazil zai sayo bayi. Kuma da ya samu mutum a tsibirin bai tambaye shi sunansa ba, ya sa masa Friday don ranar Juma'a ya same shi, ya koya masa ya riƙa kiransa ubangida. Mu ma muna da Ɗanjuma da Jummai, amma uwa ce ke kiran ɗanta haka don so, bayan an yanka rago an raɗa masa suna na gaskiya. Shi wannan yana da sunan da uwarsa ta sa masa, har littafin ya ƙare ba mu ji shi ba.

Hadiza: Zainab ƙanwata, kin haɗa abin da ban haɗa ba. Friday da Bertha, hannu ɗaya ne ya raɗa musu suna.

Abdu Yamai: Gaisuwa daga Yamai. Mu da muka yi lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci wasu littattafan muka tashi da su. Wanda ba na mantawa shi ne La Rue Cases-Nègres na Joseph Zobel, 1950, a tsibirin Matinik. Faransa ta soke bauta a 1848, amma labarin na wajen shekarun 1930 ne kuma jikokin bayin suna nan cikin gonar rake ɗaya, a layin bukkoki ɗaya, suna yi wa jikokin masu su aiki. Kakar yaron, M'man Tine, ta rantse jikanta ba zai shiga rake ba, ta ƙare ƙarfinta don ya yi karatu. Akwai inda yaron ke tuna hannuwanta bayan ta rasu, yadda suka kumbura suka tsattsage. Duk wanda kakarsa ta yi surfe ko wankau don a saya masa littafi zai gane.

Amma ga abin da ke damuna, kuma ya dace da maganar Malama. Hanyar fita ɗaya da yaron ya samu ita ce makarantar Bature, da harshen Bature. Ya fita daga rake ya shiga Faransanci. Matinik ma ba ta taɓa samun 'yanci ba, tun 1946 ta zama yanki na Faransa, kuma Aimé Césaire, wanda ya yi wa mulkin mallaka rubutu mai zafi, shi ya jagoranci wannan doka a majalisar Faransa. Ina ganin ya duba tsibirin, ya duba teku, ya ga babu inda za a je.

Alhaji Sani Kumasi: Mu a Kumasi mun san tsibiri ta wata fuska, gidan kaso. Ingila ta kama Sarkin Asante Prempeh na ɗaya, ta kai shi Seshel a 1900, bai dawo ba sai 1924. Yaa Asantewaa da ta jagoranci yaƙin 1900 can ta rasu. Faransa ta kai Behanzin na Dahome Matinik ɗin da Malam Abdu ke magana. Jaja na Opobo aka kai shi Sen Binsen, ya rasu a hanyar dawowa. Ku kuma naku Sarkin Kano Alu, Lakwaja aka kai shi. Ko ita Lakwajar ai bakin ruwa ce, amma aƙalla ɗan Kano zai iya takawa ya je gaishe shi.

Musa: Alhaji wannan tarihi ne, mu adabi muke magana.

Alhaji Sani Kumasi: Ai daga nan adabin ke fitowa, Malam Musa. Mutum shekara 24 yana kallon teku, ya tafi da sarauta ya dawo a matsayin talaka mai zaman kansa. Wane ƙagaggen labari ya fi wannan?

Zainab: Tambaya nake da ita. Yawancin waɗanda aka ambata ba Musulmi ba ne. Babu Musulmi a tsibiran nan ne?

Malam Garba: Akwai, jikata. A Jamaika an yi wani bawa, Abubakar Siddiƙ, haifaffen Tumbutu, ɗan gidan malamai. Da Larabci yake rubuta wa ubangidansa lissafin kaya. Wani alƙali Bature mai suna Madden ya gan shi yana rubutu, ya yi ƙoƙari aka 'yanta shi a 1834, kuma ya bar tarihin rayuwarsa da hannunsa. Ki yi tunanin almajirin da ya sauke Alƙur'ani, ya wayi gari a gonar rake, ba masallaci, ba liman, ba wanda zai tambaya ko an ga wata. Wannan labari yana jiran marubucin Hausa, don mu ne muka san nauyin abin da ya rasa.

Sannan ga Abdulrazak Gurnah, ɗan Zanzibar da ya ci kyautar Nobel a 2021. Da yawa ba su san ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano a farkon shekarun 1980 ba.

Musa: Na karanta Paradise ɗinsa na 1994. Amma Malam, ba a tsibiri labarin ya faru ba, a gaɓar Tanganyika ne da cikin ƙasa, zamanin shigowar Jamusawa.

Malam Garba: Gaskiyarka. Na kawo shi ne don idon da ya rubuta shi idon ɗan tsibiri ne, wanda ya bar gida bayan juyin juya halin Janairu 1964 da aka kashe Larabawa da Indiyawa da yawa. Kuma shi ba ya bari mu ɓuya a bayan Bature. Yusuf, yaron littafin, ubansa ne ya jinginar da shi ga wani attajiri saboda bashi, yaron yana kiran mutumin kawu, bai san an ba da shi ba ne. Attajirin Musulmi ne mai salla da ƙamshin turare. Zanzibar kafin Ingila ta sa ta ƙarƙashinta a 1890, arzikinta kanumfari ne, kuma bayi ke noma shi a gonakin Larabawan Oman da sauran masu hali. Sai 1873 aka rufe kasuwar bayi ta garin, bisa matsin Ingila. Wannan ba ya wanke Ingila, wadda a 1896 ta yi wa fadar sarkin ruwan wuta daga teku, cikin ƙasa da awa ɗaya ta ɗora wanda take so. Amma kanumfarin da matanmu ke sa wa a kunu da yaji yana da tarihi, kuma mu ma nan muna da gandaye da rinji. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abdu Yamai: Wannan magana mai nauyi ce Baba Malam. Ita ce irin wadda Turawa ke so su ji, su ce ai kun ga, mun zo mun cece ku daga junanku.

Malam Garba: Su faɗa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar kan bauta a ƙasarmu tun shekarun 1930, bai rage shi da komai ba. Abin da zan yarda da kai a kai shi ne, gasar 1933 da ta haifi littafin ofishin Turawa ne a Zariya ya shirya ta, don haka akwai abin da ba za a iya faɗa a ciki ba. Yanzu ba mai riƙe mana alƙalami.

Hadiza: Na bar wanda ya fi girgiza ni sai yanzu, kuma amsa ce ga Zainab da Malam Abdu gaba ɗaya. Bumi Manusia na Pramoedya Ananta Toer, ɗan Indunusiya. Da harshen ƙasarsu ya rubuta, ba da na Holan ba, ni fassarar Ingilishi na karanta.

A Jawa ne, ƙarshen ƙarni na 19. Akwai wata mata, Nyai Ontosoroh, ubanta ma'aikacin kamfanin sukari ne, ya miƙa ta ga wani Baturen Holan tana 'yar shekara 14 don a ƙara masa matsayi. Ba aure, ajiye ta kawai aka yi. Matar nan ta koyi karatu da lissafi, ta riƙe gona da kasuwancin gidan har suka bunƙasa, ta haifi 'ya mai suna Annelies. Wani saurayi ɗan sarauta, Minke, da ke makarantar Turawa, ya auri Annelies aure na Musulunci. Da Baturen ya mutu, ɗansa na can Holan ya shigar da ƙara. Kotun Turawa ta ce uwar ba ta da iko da 'yar da ta haifa, auren kuma ba aure ba ne a dokarsu, yarinyar ƙarama ce, a kai ta Holan ƙarƙashin wannan ɗan uban da ba ta taɓa zama da shi ba. Malaman Musulunci suka tashi, jama'a suka taru, aka turo 'yan sanda da dawakai. Aka zo aka tafi da ita, uwa da miji suna tsaye.

Ku duba fa, an ɗaura aure da shaidu, wani alƙali da bai san Fatiha ba ya ce babu shi. Kuma inda za a kai ta sai an haye teku, ba wanda zai iya ɗaura ɗan ƙunshinsa ya bi sawu. Wannan ne abin da nake ta ƙoƙarin faɗa tun farko.

Yadda aka yi littafin ma wani labari ne. Holan ta taɓa ɗaure Pramoedya, sannan gwamnatin Suharto, 'yan ƙasarsa, ta tsare shi daga 1965 zuwa 1979 ba shari'a, yawancin shekarun a tsibirin Buru. An ƙona takardunsa, da farko an hana shi abin rubutu. Sai ya riƙa ba 'yan uwansa fursunoni labarin da baki, su kuma suna kai wa wasu. Ya fito a littafi a 1980, aka haramta shi a 1981.

Musa: To a nan na sauko, Malama. Wannan matar ita nake nema a littafin Rhys ban samu ba. Amma ki lura, wanda ya kai shi Buru ba Bature ba ne. Turawan sun tafi, an gaji tsibirin da amfaninsa.

Malam Garba: Da ubanta da ya miƙa ta don matsayi, da dagacin da ya rubuta sunan mahaifina.

Abdu Yamai: Kuma abin bai zama tarihi ba tukuna. Tsakanin 1968 da 1973 Ingila ta kwashe mutanen tsibiran Chagos kaf don Amurka ta kafa sansanin soja a Diego Garcia, aka zube su a Morishiyas da Seshel. Shenaz Patel ta rubuta labari a kansu da Faransanci. Su matsalarsu ta juye, ba fita suka kasa ba, komawa suka kasa.

Zainab: Anti, Bumi Manusia ɗin yana da girma sosai? Ina da jarrabawa wata mai zuwa amma ina so in karanta.

Hadiza: Yana da ɗan kauri, kuma na farko ne cikin huɗu, amma yana da saurin shiga. Ki gama jarrabawarki tukuna. Ina ba da shawara shi za mu ɗauka bayan salla, babi uku uku a mako, in kowa ya yarda.

Alhaji Sani Kumasi: Na yarda. Zan sa a nemo mini a Ankara, babban birninmu na Gana.

Malam Garba: Ni ma ina ciki, sai dai jikata za ta koma makaranta. In akwai mai hali, ya riƙa naɗo mini kowane babi da murya, ko da taƙaitawa ce da Hausa.

Musa: Ni zan yi, Malam. Ranar Juma'a bayan la'asar zan riƙa turowa.